Da wane mudu ake auna karkatar gidan jarida?

Zainab Ɗaliba:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Taimako nake nema, kaina ya ɗaure. Ina rubuta kundin digiri na biyu a kan karkatar siyasa a labaran rediyo. Na zaɓi tashoshi biyu a jiharmu, ɗaya ta gwamnati, ɗaya mai zaman kanta, na naɗi labaransu na yamma har na mako shida a wayata, sai da na goge hotunan bikin ƙanwata kafin wuri ya ishe ni. Na zauna da agogo ina ƙirga sakan nawa kowace jam'iyya ta samu. Na kai wa malamin da ke duba aikina ina ta murna. Ya karanta shafi biyu, ya turo mini takardun, ya ce: "Kin nuna mini wanda aka fi ambata. Amma kin ce sun karkata. Daga ina suka karkata?" Tun ranar Talata nake juya tambayar nan ban sami kanta ba.

Ɗan Fagge:
Ƙanwata, wannan ai ba ya buƙatar digiri. Kunna rediyon gwamnati na minti biyar. Mai girma gwamna ya ce, mai girma gwamna ya ziyarta, uwargidan mai girma gwamna ta raba. Ko kurma ya san inda suka dosa.

Dakta Bashir:
Wa alaikumus salam Malama Zainab. Malaminki bai zalunce ki ba, tambayar da ya yi miki ita ce aikin gaba ɗaya. Ba a cewa bango ya karkace sai da igiyar magina a hannu. Mece ce igiyarki?

Idan kika ce rabo daidai wa daida, to doka tana bayanki. Sashe na 95 na Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 da ita, ya hana a yi amfani da kafafen gwamnati don fifita wata jam'iyya, ya kuma ce a raba lokaci daidai tsakanin jam'iyyu a sa'o'i masu kama da juna. Amma 'yan takarar shugaban ƙasa 18 ne a zaɓen 25 ga Fabrairun 2023, kuma huɗu ne suka kwashe kusan dukkan ƙuri'un. Editan da ya ba na sha takwas minti ɗaya da Tinubu ko Atiku ya bi doka, amma ya yi wa mai sauraro hidima? In kuma kika ce a raba gwargwadon ƙarfin jam'iyya, kin rufe wa ƙananan ƙofa, kuma da ma rashin jin su ne ya hana su girma. Sannan ga mai riƙe da kujera: gwamna ya gabatar da kasafin kuɗi, labari ne ko kana son sa ko ba ka so. A wane gida za ki sa wannan mintin, aikin ofis ko yaƙin neman zaɓe?

Zainab Ɗaliba:
Allah ya gafarta Malam, duk a gidan jam'iyyarsa na zuba su.

Dakta Bashir:
To kin ga inda zai kama ki. Masu sa ido na Tarayyar Turai sun daɗe suna wannan ƙirgen a zaɓukanmu, suna auna tsawon lokaci, suna kuma duba launin labarin, yabo ne, suka ce, ko ba ruwansa. Abin da ya fi jan hankalina a rahotanninsu shi ne a 2015 kafafen gwamnatin tarayya sun fifita PDP, a 2019 kuma APC. Gidan bai canja ba, ma'aikatan ma da yawansu su ne dai. Kujera suke bi. Haka gidajen jihohi suke bin gwamnansu. Saboda haka ko kalmar "jam'iyya" da kika gina teburinki a kanta sai kin sake duba ta.

Ɗan Fagge:
Turawan da fadar shugaban ƙasa ta yi fatali da rahotonsu na 2023? Su wa ya auna su?

Dakta Bashir:
Tambaya ce mai kyau, ko da ka yi ta da tsokana. Bambancin kawai shi ne sun rubuta tashoshin da suka saurara da sa'o'in da suka ɗauka, wani zai iya bin sawu ya ƙaryata su. Kai kuwa minti biyar ɗinka babu mai iya bin sawunsa.

Baba Edita:
'Yata Zainab, na karanta saƙonki na yi dariya ni kaɗai har jikata ta leƙo. Shekara talatin da 'yan kai na yi a ɗakin labarai, mafi yawa a gidan gwamnati, kuma ina gaya miki agogo bai taɓa kama mu ba. Mun san ana ƙirgawa. In aka matsa mana a kan rabo, sai mu ba ɗan adawa mintinsa cif, ba ragi.

Ga yadda ake yi. Wakili ya dawo daga gangamin adawa da kaset, gumi na zuba, mutumin ya yi jawabin rabin sa'a a kan ruwan sha da albashin malamai. Sai in sa a juya kaset ɗin har a kai inda ya fusata ya zagi wani, ko inda lasifika ta yi ƙara muryarsa ta shaƙe. Nan za mu yanka. Gwamna kuwa a muryarsa za ka ji shi, da tafi a bayansa, a kanun labarai. Shi ɗan adawa sai bayan labarin wasanni, gab da sanarwar rasuwa, lokacin da mata suka tashi kwashe tuwo maza sun nufi masallaci. Minti ɗaya nan, minti ɗaya can. Teburinki zai ce mun yi adalci.

Amma babban makamin ba almakashi ba ne, baki ne. Gwamna "ya bayyana", "ya tabbatar", "ya jaddada". Ɗan adawa "ya yi iƙirari", "ya yi zargi". Sai kuma sarkinsu duka, "wai". Ki ce "ya ce za a biya albashi ranar Juma'a", sannan ki ce "ya ce wai za a biya albashi ranar Juma'a". Baƙi uku kacal, an kashe maganar mutum ba a taɓa shi ba. Akwai wani mai karanta mana labarai, Allah ya jiƙansa, shi ko "wai" ɗin ba ya buƙata. Numfashi kawai yake ja kafin sunan mutum, duk gari ya gane.

Kuma kada ki zaci kullum waya ake bugowa daga sama. A shekaruna duka, kiran da na samu kai tsaye bai fi a ƙirga da yatsu ba. Sau ɗaya aka mayar da wani abokin aikinmu ɗakin ajiyar tsoffin faya-fayai saboda rahoto ɗaya. Ya shekara biyu yana kaɗe ƙura. Bayan nan ba wanda ya sake buƙatar a kira shi.

Zainab Ɗaliba:
Baba, wallahi ka sa na koma na kunna labaran ranar farko. Ga "wai" nan har biyu a labari ɗaya, ni kuwa na rubuta masa "ba yabo ba suka".

Anti Bilki:
Ni da nake cikin aikin yanzu, a gidan da ba na gwamnati ba, bari in ƙara wani abu kada a ɗora wa gidan gwamnati kaya shi kaɗai. Mu namu ubangidan dizal ne. Janareta na ci, albashi na jira, wanda ya sayi fili shi ke magana. Sojojin baka da kuke ji da daddare suna yayyaga juna, yawanci fili aka saya musu. Wannan da sauƙi, don mai sauraro ya san tallar siyasa ce. Inda abin ya fi muni shi ne rahoton da aka biya kuɗinsa amma ya shigo cikin labarai da rigar labari. An gama taron manema labarai, an miƙa ambulan an ce na mota ne. Kowa ya ci ladan kuturu ai ya san sauran. Zainab, a cikin sakan ɗin da kika ƙirga, kin san nawa ne na saye?

Zainab Ɗaliba:
Anti, ta ina zan sani? Ba sa faɗa.

Anti Bilki:
Ki je sashen kasuwanci ki nemi takardar farashi kamar mai son kawo talla. A wasu gidajen za ki ga kuɗin ɗaukar rahoton taro a rubuce, baƙi da fari.

Nura Mai Kwamfuta:
Ni dai ina ganin duk wahalar nan ta kunne da agogo tsohon yayi ce. A Amurka tuni aka ba kwamfuta aikin. Dakta ya fi ni sanin sunayen masu binciken.

Dakta Bashir:
Biyu ne suka fi shahara, kuma yana da kyau Zainab ta san su, ko don ta san dalilin da ya sa ba za ta kwafe su ba.

Na farko na Tim Groseclose da Jeffrey Milyo ne, ya fito a 2005. Dabararsu ita ce su ari sikelin da ake auna 'yan majalisa. Akwai ƙungiyar da ke ba kowane ɗan majalisar Amurka maki daga 0 zuwa 100 gwargwadon yadda yake jefa ƙuri'a, 100 shi ne ƙarshen sassaucin ra'ayi, 0 ƙarshen ra'ayin riƙau. Sai suka duba cibiyoyin bincike da kowane ɗan majalisa yake kafa hujja da su a jawabinsa, suka duba waɗanda kowace kafa take ambata a labaranta. In jarida tana jawo cibiyoyin da ɗan majalisa mai maki 70 yake jawowa, sai a ba ta kusan 70. Cikin kafafe 20 da suka auna, 18 sun faɗo ɓangaren sassauci. Biyun da suka rage su ne Washington Times da wani shirin labarai na Fox News.

Masu ra'ayin riƙau suka yi ta shewa. Sai masu suka suka buɗe teburin. Jaridar da ta fi kowa sassauci a lissafin ita ce Wall Street Journal, da maki 85, jaridar 'yan kasuwa, ko da yake shafukan labaranta kawai aka auna ban da na sharhi. Ƙungiyar NRA mai kare mallakar bindiga, wadda kowa ya san gidanta na riƙau ne, ta faɗo kusa da tsakiya. In sikeli ya ce maka buhun gero ya fi na siminti nauyi, kafin ka yi shela sai ka duba sikelin. Kuma ka lura da abin da suka kira tsakiya: matsakaicin mai zaɓe na Amurka. Ba gaskiya ba, ba daidai ba, tsakiyar mutanen wata ƙasa a wani zamani.

Na biyu na Matthew Gentzkow da Jesse Shapiro ne, 2010, kuma shi ne wanda Nura yake nufi. Sun ɗauki duk jawaban majalisa na 2005, suka sa kwamfuta ta tsamo jimlolin da suka fi raba jam'iyyun biyu. Haraji ɗaya ne, 'yan Democrat suna ce masa harajin gado, 'yan Republican suna ce masa harajin mutuwa. 'Yan Democrat suna cewa yaƙin Iraƙi, 'yan Republican suna cewa yaƙi da ta'addanci. Suka tara irin waɗannan guda 1,000, suka bi jaridu sama da 400 suna duba bakin wa kowace take ara.

Nura Mai Kwamfuta:
Yauwa! Wannan nake so mu yi da Hausa. Muna da kayan aiki ai. Tun Mayun 2024 da rikicin masarautar Kano ya tashi, ka saurari yadda kowace kafa ke kiran mutanen biyu. Wani ya ce "Sarkin Kano" kai tsaye, wani ya ce "Sarki na 15" da "Sarki na 16" don ya tsira da mutuncinsa, wani ya ce "tsohon sarki", wani ya ce "wanda aka tuɓe". Kafin a gama jimlar farko ka san fadar da mutum yake kai gaisuwa. Ga "'yan bindiga" da "'yan ta'adda", ga "'yan fashin daji", ga masu liƙa sunan ƙabila a kowane hari da masu kauce masa.

Malam Isufu Maraɗi:
Mu ma nan Nijar haka ne. Tun 26 ga Yulin 2023, wata kafa ta ce "sojojin da suka yi juyin mulki", wata ta ce "hukumomin ƙasa", wata ta ce "gwamnatin riƙon ƙwarya". Bazoum a wani bakin "hamɓararren shugaba", a wani bakin "zaɓaɓɓen shugaba da ake tsare da shi". Duka gaskiya ne, amma ba hanya ɗaya suke kai ka ba. Sai dai mu nan ba a tsaya awo ba. An dakatar da RFI da France 24 a Agustan 2023, an dakatar da BBC wata uku a Disamban 2024. Mai iko in ya ce ka karkata, ba ya nuna maka tebur.

Dakta Bashir:
Misalanku sun yi, amma Nura, dabarar Amurkawan tana tsaye ne a kan ƙafa ɗaya: jam'iyyu biyu masu bakin da ba ya canjawa. Mu fa? A Nuwamban 2013 gwamnoni biyar suka bar PDP suka shiga APC rana ɗaya. Kwankwaso kaɗai ya yi PDP, ya yi APC, ya koma PDP a 2018, ya tafi NNPP a 2022. Wanda ya kira cire tallafin man fetur zalunci a 2012 shi ne ya kira shi gyara a 2023. In ka koya wa kwamfuta bakin jam'iyya bana, baɗi sai ta ce maka jaridar ta sauya sheƙa alhali 'yan siyasar ne suka sauya. Namu layin ba hagu da dama ba ne. Mai mulki da mai jira, Arewa da Kudu, gidan wane da gidan wane, wani lokaci addini. Sikeli huɗu ne aƙalla, kuma kafa ɗaya tana iya tsayawa daidai a ɗaya ta kife a wani.

Nura Mai Kwamfuta:
Na yarda da rabi. Kuma in faɗi gaskiya, na gwada sa manhaja ta mayar da labaran rediyo rubutu, abin da ta fito da shi ko ni ban gane ba. Ƙasa da kasa duk ɗaya ne a wurinta. Shi kuwa "wai" na Baba, ya za ta bambance na shakka da na "wai ina ka shiga ne"? Dole mutum ya zauna.

Ɗan Fagge:
Kun gama zagaye kun dawo inda na tsaya. Mai gida shi ne komai. Gaya mini mai jarida in gaya maka abin da za ta rubuta. Zik ya kafa West African Pilot a 1937, Awolowo ya kafa Tribune a 1949, Abiola ya kafa Concord a 1980. Don Allah don su sayar da takarda suka kafa? Marigayi Dokpesi na AIT ɗan PDP ne a fili, marigayi Sam Nda-Isaiah na Leadership har takarar fid da gwani ya yi a APC. New Nigerian ma da aka kafa a Kaduna a 1966, ai don Arewa ta sami bakin mayar wa jaridun Legas da Ibadan martani ne.

Dakta Bashir:
Ga abin da zai ba ka haushi. Gentzkow da Shapiro sun duba wannan ɗin, suka tarar mai jarida bai cika tasiri ba. Jaridu biyu na kamfani ɗaya, ɗaya a garin 'yan Republican ɗaya a garin 'yan Democrat, kowace bakin garinta take yi. Masu karatu ne ke jan jarida, don abin da suke son ji shi suke saya.

Anti Bilki:
Dakta, da girmanka, wannan a can ne. Jaridar da mai karatu da ɗan kasuwa ke ciyar da ita dole ta bi mai karatu. Mu wa ke ciyar da mu? Ka buɗe jarida ranar da gwamna ya cika shekara a mulki ka ƙirga shafukan taya murna. Wanda ya sayi jarida a bakin titi bai biya ko kuɗin tawada ba.

Dakta Bashir:
Ban musa ba Hajiya, kuma akwai binciken da ke bayanki, daga ƙasashen da suka fi kama da mu. A Ajantina, Di Tella da Franceschelli sun bi manyan jaridu huɗu daga 1998 zuwa 2007, suna auna filin da labarin cin hancin gwamnati ya samu a shafin farko, suna kwatanta shi da kuɗin tallar da gwamnati ta ba jaridar a watan. In talla ta ƙaru, labarin badaƙala sai ya tsuke. Na Peru ya fi ban tsoro. Vladimiro Montesinos, shugaban leƙen asirin Shugaba Fujimori, mutum ne mai ajiye lissafi, yana sa a sa hannu a takarda, yana ɗaukar bidiyon masu karɓa. Da asiri ya tonu a 2000, McMillan da Zoido suka bi takardun, suka ga abin da yake ba mai gidan talabijin ya ninka na ɗan siyasa kusan sau ɗari. Shi da kansa ya yi wa kowa farashi, kuma ya nuna wanda ya fi tsoro.

Baba Edita:
Mu namu ba sa ba da rasit.

Ɗan Fagge:
Ni dai har gobe BBC Hausa ma na san inda suka karkata. Duk lokacin da aka zo maganar jagoranmu sai sun nemo wanda zai soke shi.

Malam Isufu Maraɗi:
Ikon Allah. Maƙwabcina da ke ɗaya ɓangaren jiya ya gama rantse mini cewa naku suke yi wa aiki.

Dakta Bashir:
Ku biyun kun maimaita wani gwaji ba ku sani ba. A jami'ar Stanford, Vallone da Ross da Lepper sun tara ɗalibai masu goyon bayan Isra'ila da masu goyon bayan Larabawa, suka nuna musu rahotannin talabijin iri ɗaya a kan kisan Sabra da Shatila na 1982 a Beirut. Kowane ɓangare ya fito yana cewa an yi wa nasa rashin adalci. Har abin da suka tuna sun gani ya bambanta, kowa ya fi riƙe inda aka taɓa nasa. An buga sakamakon a 1985, an kuma sake gwada shi a wurare da yawa. Shi ya sa, Zainab, kada ki yarda ki auna karkata da tambayar masu sauraro kaɗai. Abin da za ki samo zafin ransu ne.

Ɗan Fagge:
Wato ni ne mai karkatar kenan.

Anti Bilki:
Laifi tudu ne, Ɗan Fagge.

Baba Edita:
Amma kada 'yan jarida su ɓuya a bayan wannan. Na sha jin edita yana cewa tunda kowa na zagina to ina daidai. Ba lallai ba. Mai yiwuwa aikin ne ba ka iya ba.

Zainab Ɗaliba:
To ni yanzu tsoro ya kama ni ta wani wajen. Jiya na ba ƙawata labarai 40 daga cikin nawa, na ce ta ware yabo da suka da tsaka-tsaki ba tare da ta ga nawa ba. A 23 kawai muka dace. Kenan ni ma kunnena ba abin yarda ba ne?

Dakta Bashir:
Wannan ne abu mafi kyau da kika yi tun da kika fara. Ba kunnenki ne ya lalace ba, umarninki ne bai fito ba. "Suka" kalma ce mai faɗi. An ce ambaliya ta cinye gada a ƙaramar hukumar gwamna, suka ce ko labari? Ki rubuta ƙa'ida dalla-dalla, da misali a ƙarƙashin kowace, ku sake gwadawa da wasu labaran daban. Akwai lissafin Krippendorff da ke cire dacewar da sa'a kawai ta kawo, ana son ya kai 0.8. In ya ƙi kaiwa, ki jefar da wannan tambayar ki riƙe waɗanda ba a gardama a kansu: wa aka fara da shi, wa aka ji muryarsa, wa aka karanta maganarsa, wane fi'ili aka ba shi, an nemi jin ta bakin wanda aka zarga ko ba a nema ba.

Baba Edita:
Duk wannan a kan abin da aka faɗa ne. Ni abin da ke hana ni barci in na tuna aikina shi ne wanda ba mu faɗa ba. Akwai shekarar da amai da gudawa ya shiga wasu ƙauyuka. Wakilinmu ya kawo rahoto da sunayen garuruwan. Na sa shi a aljihun tebur na ce sai kwamishina ya yi magana. Kwamishina bai yi magana ba sai bayan kwana tara. 'Yata, in kin saurari labaranmu na kwana taran nan, ba za ki sami "wai" ko ɗaya ba, ba zagi, ba yabo fiye da kima. Tsaf suke. Wane agogo ne zai ƙirga wannan?

Anti Bilki:
Allah ya yafe mana baki ɗaya, Baba. Aljihun teburin nan har yau yana nan.

Dakta Bashir:
Ba a kama shiru sai da jerin abubuwan da suka faru wanda ba daga gidan jaridar ya fito ba. A nan ne igiyar magina take, Zainab. Larcinese da Puglisi da Snyder sun yi haka a Amurka da alƙaluman rashin aikin yi, tunda hukuma ce ke fitar da su ko wa ke mulki. Suka ga jaridun da suka saba mara wa Democrat baya sun fi yayata hauhawar rashin aikin yi in shugaban ɗan Republican ne. Ke ma kina da irinsa. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana fitar da alƙaluman tsadar kaya kowane wata. Na Disamban 2024 ya kai kashi 34.80, na Janairun 2025 ya dawo 24.48, ba don kaya sun sauko a kasuwa ba, don an canja shekarar da ake kwatantawa da ita da kwandon kayan da ake aunawa. Wace tasha ce ta ce tsada ta ragu ta yi shiru, wace ce ta yi bayani, wace ce ba ta kawo shi ba sam? Haka hukuncin kotu, zaman majalisar jiha, yajin aiki. Ki fara rubuta jerin abin da ya faru a makonninki shida daga wasu majiyoyi, kafin ki koma kan naɗinki.

Ɗan Fagge:
Jerin kuma wa zai rubuta? Ita. Da wane ido? An gudu ba a tsira ba.

Dakta Bashir:
Ita za ta rubuta, ta kuma liƙa shi a bayan kundin, kai kuma ka zo ka ce ta manta kaza. Iyakar abin da nake iya yi maka alkawari kenan.

Ɗan Fagge:
Zan zo kuwa.

Zainab Ɗaliba:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ga abin da zan kai wa malamina ranar Litinin. Zan raba aikin ofis da na siyasa. Zan bar agogon amma ba shi kaɗai ba, zan ƙara jerin labari, murya, da fi'ili, har da "wai". Zan yi jerin abubuwan da suka faru daga waje. Kalmar "karkata" kuma zan cire ta daga kan kundin, in ce bambancin yadda tashoshin biyu suka ba da labari ɗaya, don wannan ne zan iya karewa a gaban malamai. Maganar kuɗin talla, Anti, ina jin ta fi ƙarfin wata huɗun da suka rage mini.

Anti Bilki:
Ki dai karɓo takardar farashin ki ajiye. Digiri na uku na nan tafe.

Zainab Ɗaliba:
Baba, wata alfarma. Ina neman mutum na uku da zai ware mini labarai 20, ba tare da ya san tashar da ta kawo su ba.

Baba Edita:
Ni da na horar da rabin masu karanta labaran garin nan? Daga gyaran murya zan gane su.

Nura Mai Kwamfuta:
Zan buga su a rubuce, Baba, in cire sunan tasha da na wakili. Da hannu zan yi, ba da manhajar nan ba.

Baba Edita:
To ku turo bayan La'asar. Amma Nura ka ƙara girman baƙin, idon ya yi rauni, kuma kada ka gyara musu Hausa. Yadda suka faɗa haka nake so in gani.